Kunnen Ɗanka Amana Ne

Ɗana, matso kusa mu zauna, akwai maganar da na daɗe ina son mu yi, kuma na san da ka ji cewa a kan koyar da kiɗa da waƙa a makaranta ce za ka ɗan ɗaure fuska. Ban ga laifinka ba. Ka yi gumi ka biya kuɗin makaranta, ka ɗinka wa yaro kayan sawa, ka saya masa littattafai, burinka ya fito likita ko injiniya ko alƙali, sai ga shi ya dawo gida yana ba ka labarin yau an koya musu tafi da amshi. Dole ranka ya sosu, ka ce a zuci, ashe maroƙi na aika a mayar mini da ɗa? Ni ma lokacin da na fara riƙe alli haka nake kallon abin, kuma sai da furfura ta cika mini kai, yaran da na koyar suka haifi nasu, sannan na gane girman abin da muka yi ta zubarwa muna ganin kamar tarbiyya muke yi. Shi ya sa nake roƙonka ka ba ni aron hankalinka, ka ji ni har ƙarshe, in ya so ka yanke hukuncinka.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, kunnen yaro ba ya zama wofi. Tun yana goye a bayan uwarsa ake masa waƙar reno, yana jin luguden taɓarya a turmi, yana jin mai talla tana rera kayanta a ƙofar gida. A zamaninmu, in ya tasa, dandali ke karɓarsa: 'yan mata su yi da'ira a farin wata suna gaɗa, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, maza suna gefe da nasu wasannin, in azumi ya kai goma a fita tashe gida gida, in damina ta faɗi a ji gangar noma tana zuga samari a gayya. Makaranta ce babba wadda ba ta da bango ba ta da kuɗin shiga, kuma manya suna jin duk abin da ake rerawa, in wani ya saki layi a tsawata masa nan take. Yau ina dandalin yake? A birni an kewaye gidaje an saka ƙofar ƙarfe, a ƙauyuka da yawa rashin tsaro ya sa da magariba kowa ya shige ɗaki. Waccan makaranta ta rufe, amma kunnen ɗanka bai rufe ba. Waya ce ta gaje ta. Abin da ke fitowa daga wayar yayansa, da lasifikar mai cajin waya a bakin titi, da motar 'yan siyasa mai yawo da zambo da habaici, shi yake haddacewa, kuma ka sani yana haddace shi da sauri fiye da yadda yake haddace karatun da ka biya wa kuɗi. Don haka ka daina tambayar ko ɗanka zai koyi waƙa, domin ya riga ya fara. Ka tambayi kanka a hannun wa yake koya.

Bari in soma da harshenmu, domin nan ne mutane suka fi mantawa. Hausa harshe ne da murya ke hawa da sauka a cikinsa, kuma ma'ana tana bin wannan hawa da sauka. Ɗauki kalmar kuka. A takarda haruffa huɗu ne, amma in ka ɗaga murya a gaɓoɓin biyu, kukan hawaye kake nufi, in ka sauke ta a gaɓar ƙarshe, ka koma bishiyar da ake miya da ganyenta. Haka gari: ka ja wasalin farko, garin tuwo ne, ka taƙaita shi, garin da mutane ke zaune ne. Rubutun boko da muke koya wa yara ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, kunne kaɗai ke rarrabe su. Wannan ne sirrin kalangu: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka, sai gangar ta bi sawun maganar mutum, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Yaron da aka zaunar aka koya masa ya tafa gaɓoɓin baiti, ya ji wace ce mai nauyi wace ce marar nauyi, ya gane inda amsa-amo ke faɗuwa, wannan yaro harshensa ake gyara masa, kuma kunnen da ya saba da wannan tantancewa shi ne zai kama bambancin sautukan Larabci da na Turanci in an zo koya masa su. Abin yana ba ni takaici in na shiga ajin Hausa na tarar ana karanta waƙar Sa'adu Zungur ko ta Mu'azu Haɗeja ko ta Aƙilu Aliyu kamar ana karanta takardar sammaci, babu rauji babu kari, yara suna hamma, malami yana rubuta jigo da salo a allo don jarrabawa. An yi waɗannan waƙoƙi ne don a rera su. Wanda bai taɓa jin su a baki ba, rabin su kawai ya sani.

Na san abin da ke cin ranka ya wuce wannan, maganar addini ce, kuma ba zan kewaye ta ba. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun zamanin magabata, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa da sharuɗɗa, kuma ni ban zauna nan don in ba ka fatawa ba, ka koma wa malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da zan tuna maka kawai shi ne abin da ba a jayayya a kansa. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wata ranar idi wasu yara mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, Sayyidina Abubakar ya so ya hana su, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su. Sannan dubi yadda malamanmu suka yi da murya da kari wajen karantarwa. Ibn Malik ya zuba nahawun Larabci cikin baiti dubu, Alfiyya, domin ya san abin da aka rera ya fi zama a ƙirji, kuma har gobe ana haddace ta a zaurukanmu. Malaman jihadi, da duk tsananinsu a kan kiɗan shagala, babu wanda ya kai su amfani da waƙa wajen isar da ilimi ga talaka. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji ta ba su malfa, suna zagaya ƙauyuka suna koya wa matan 'Yan Taru addini da baitocin da mace za ta iya rerawa tana daka ko tana kaɗi. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙarsa Imfiraji ta shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Ko yau ka leƙa Islamiyyar unguwarku, da waƙa ake koya wa ƙanana shika-shikan Musulunci da watannin shekara. Saboda haka ko da ka tsaya a kan ra'ayi mafi tsanani, ka ce babu ganga babu goge, akwai fili mai faɗi da ya rage na murya da tafi da kari, kuma a wannan fili kaɗai ana iya gina darasi cikakke.

Yanzu zo mu je ga hali, domin shi ne ya fi damuna, kuma shi ne na gani da idona. Ka taɓa zama ka lura da 'yan amshi? Jagora ya ja ɗa, su kuwa suna tsaye sun kasa kunne, ba su shigo kafin lokaci ba, ba su makara ba, kuma in sun shigo babu wanda ke ɗaga murya don a ji shi shi kaɗai. Saurari Narambaɗa da mutanensa a Bakandamiya, ko Musa Ɗanƙwairo da nasa, za ka ji yadda ake miƙa magana ana karɓa kamar masu jifan tubali a wurin gini, in ɗaya ya yi sakaci ginin ya tsaya. Ka ɗauko yara arba'in ka ce su yi haka. Ranar farko hayaniya za ka ji, kowa na son ya riga kowa. Bayan makonni sai ka ga mai gaggawa ya koyi jira, mai tsiwa ya koyi sassauta murya, mai kunya ya samu inda zai ɓuya cikin jama'a har muryarsa ta yi ƙarfi. Babu wani darasi a jadawali da ke tilasta wa yaro ya saurari na kusa da shi kamar wannan. A lissafi kowa da takardarsa, har ana cewa ya rufe kada a leƙa, amma a waƙa in ba ka ji ɗan'uwanka ba kai ma ka ɓata. Mu kuwa mutane ne da ke kukan cewa yaran yanzu ba sa jin magana, ba sa bari babba ya kai aya. Ina aka taɓa koya musu saurare?

Akwai wani yaro da na koyar a aji huɗu, mai i'ina ƙwarai, in aka ce ya tashi ya karanta sai gumi ya keto masa, 'yan aji su fashe da dariya, har ya fara gudun makaranta yana fakewa a bayan kasuwa. Ni kaina na taɓa yi masa tsawa ina zaton taurin kai ne, kuma har yau in na tuna sai in nemi gafarar Allah. Wata rana muna shirin bikin ƙarshen shekara, wata malama ta sa shi cikin masu amshi don kada a bar shi shi kaɗai a aji, sai muka ji yaron nan yana rera baiti daga farko har ƙarshe harshensa bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Daga baya na fahimci abu ne sananne, masu i'ina da yawa ba sa yin ta in suna waƙa. Malamar ta mayar da shi jagora. I'inar ba ta rabu da shi ba a magana, amma dariyar ta tsaya, gudun makarantar ya tsaya, ya gama firamare ya wuce gaba. A kowane aji akwai irin wannan yaro, wanda ƙofar lissafi da ta Turanci suka rufe masa da wuri, yana jiran a buɗe masa wata ƙofa ko ɗaya ce don ya yarda shi ma mutum ne. In ya samu wannan yarda, sau da yawa sai ka ga ya koma ya tura waɗancan ƙofofin da kansa.

Sai maganar roƙo. Gaskiya ne a al'adarmu makaɗi ba ya cikin waɗanda ake ba wa mazauni na gaba, kuma gaskiya ne akwai masu mayar da baki abin tsoratarwa, in ka ba su su yabe ka, in ka hana su su yi maka zambo. Ba na son ɗanka ya zama haka, kamar yadda ba ka so. Amma ka yi adalci. Mahaifin Mamman Shata bai so ɗansa ya yi waƙa ba, ga shi kuwa yaron Musawa ya rayu har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma tun rasuwarsa a 1999 ba a daina nazarin hikimarsa a jami'o'i ba. Ɗanmaraya Jos, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya da aka yi da gwangwani da 'yar fata, ya yi wa karen mota waƙa ya ɗaga darajarsa, ya yi wa ma'aurata nasihar da ta shiga inda wa'azi bai kai ba. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, bakin mawaƙa ne ya kai bayanin rugage da ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Kuma ka lura, koya wa yaro lissafi ba ya mayar da shi mai ba da bashi da ruwa, koya masa rubutu ba ya mayar da shi mai buga takardun jabu. Cikin yara ɗari da za su zauna a wannan darasi wataƙila ɗaya ko biyu ne za su ci abinci da shi, su ma gara su shiga da ilimi da tarbiyya, su san kari su san haddi, da su shiga da ka suna dogaro da na'ura ta gyara musu murya. Saura kuwa abin da za su fita da shi shi ne kunne mai tantancewa, wanda zai ji waƙa ya san wannan hikima ce wannan kuwa batsa ce aka lulluɓe da kiɗa. Hani kaɗai ba ya ba yaro wannan. Wanda bai taɓa ɗanɗana zuma ba, duk abin da ya ji da zaƙi zai lasa.

Akwai kuma asarar da muke tafkawa ba mu ankara ba. A 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka fitar da littafi guda na sunayen kayan kiɗan Hausa da kalmomin makaɗa, bayan sun zauna da su sun tambaya sun rubuta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya ƙarar da shekaru yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙanmu. Amma tara 'yan sakandare yau ka ce su bambance kotso da taushi, ko garaya da gurmi, ko su faɗa maka wace sana'a ake kaɗa wa dundufa, ka ga yadda za su dube ka. Suna ganin algaita da kakaki a hawan salla, hawan da hukumar UNESCO ta sa na Kano cikin gadon al'adun duniya a 2024, ba su san masu busa su tsufa suke yi ba, kuma 'ya'yansu da yawa sun kama acaba. Abin kiɗa yana mutuwa ne ranar da mai shi na ƙarshe ya kwanta dama. A Nijar saura ƙiris haka ta faru da biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar na Buduma masunta a tafkin Chadi, sai Malam Maman Barka, wanda asalinsa malamin makaranta ne, ya tafi ya zauna wurin tsohon da ya rage ya koya, ya dawo da biram Yamai, inda suke da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya. Maman Barka ya rasu a 2018, amma biram bai bi shi kabari a ɓoye ba, duniya ta ji shi. Malamin makaranta ne ya yi wannan, ka riƙe.

A Najeriya kuwa, ba wai babu darasin a takarda ba. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, ana rubuta darasin a jarrabawar gama sakandare, kuma a manhajar firamare da ƙaramar sakandare an haɗa shi da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda na al'adu da fasaha. Matsalar ita ce a makarantunmu da yawa wannan darasi maraya ne. Duk malamin da ba shi da aiki a wannan sa'a shi ake tura wa, ya cika allo da ma'anar kiɗa da rabe-rabensa, yara su kwafe, a tashi babu wanda ya tafa hannu ko sau ɗaya. Ba a tunawa da waƙa sai ranar da wani babba zai kawo ziyara, a jera yara a rana tun hantsi suna rera yabonsa har wasu su faɗi. Wannan ba shi nake kira a yi ba, kuma in ka ga ana yi wa ɗanka haka kana da hakkin ka yi magana, domin wannan shi ne ainihin koya wa yaro roƙo.

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar kuɗi masu yawa, kada wani ya ruɗe ka da cewa sai an sayo kayan Turawa. Tafi kyauta ne. Sarewa da karan dawa ake yin ta. Ƙwarya da shantu suna kowace kasuwa, kuma da ƙwarya Barmani Choge ta yi suna har ta koma ga Allah a 2013. A kusan kowane gari akwai tsohuwar da ta san waƙoƙin gaɗa da na daka da na tatsuniya, akwai tsohon makaɗin fada ko na noma da ke zaune a ƙofar gida babu mai tambayarsa komai, akwai malamin da ya iya rera Ishiriniya da muryar da ke sa tsigar jiki tashi, a unguwannin 'yan'uwanmu Kirista kuma akwai matan zumunta da suka iya haɗa muryoyi. A gayyato su aji da mutunci, a ba su abin goro, malami yana zaune yana lura. A tace kalmomin da za a rera, a kiyaye lokacin salla, a kiyaye kunya tsakanin maza da mata yadda iyayen wurin suka yarda, a zaɓi malami mai kamun kai. Waɗannan sharuɗɗa naka ne, kai uba, kuma babu mai sa su in ka tsaya a waje kana ƙyamar abin gaba ɗaya. Ke ma 'yata, uwar yara, da ke nake: waƙar renon da kakarki ta yi miki, in ba ki rera wa naki ba, daga kanki ta ƙare.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kunne ma haka, abin da ya saba da shi tun yana ƙarami da wuya ya rabu da shi. Na ga iyayen da suka hana, suka fasa sarewar kara suka yi duka, yaran suka girma suna sauraro a ɓoye, kuma abin da ake saurare a ɓoye ba kasafai yake zama mai kyau ba. Na ga kuma waɗanda suka zauna da 'ya'yansu suka kunna musu Narambaɗa suna fassara musu zaurance da kirari, suka sa su rera Imfiraji da daddare, yaran suka tashi da Hausa mai nauyi a baki da kunya a ido. Na san kai mai son ɗanka da alheri ne, ba don haka ba da ba ka zauna ka saurare ni har nan ba.

Idan an kira taron iyaye da malamai na gaba, kada ka aika a ce kana da uzuri. Ka je, ka ɗaga hannu, ka tambayi hedimasta wane ne ke koyar da darasin al'adu da fasaha, sau nawa a mako, kuma yaushe rabon da yara su rera wani abu a cikinsa. In ya ce babu malami, ka faɗa masa sunan tsohon nan na unguwarku da ya iya, ka ce kai za ka je ka ɗauko shi. Yau da daddare kuma, bayan an ci tuwo, ka kira ɗanka ka ce ya rera maka waƙar da ya fi so, ka saurare shi har ya gama ba tare da ka katse shi ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya yi maka albarka.